Shin Watan Haihuwa Yana da Hannu a Ƙarfin Yaro da Iya Motsinsa?

Lokaci zuwa lokaci akan ji a rediyo, ko a karanta a jarida, cewa masu bincike sun gano yaran da aka haifa a wata kaza sun fi sauran gudu, tsalle da ƙarfin damtse. Abin da ke ɗaure kai shi ne watan ba ya zama ɗaya. Rahoton da ya fito daga Ingila zai ce Satumba zuwa Nuwamba, na Kanada ko Sifen ya ce Janairu zuwa Maris, na Japan kuma ya ce Afrilu zuwa Yuni. Wasu iyaye sukan ɗauki zancen kamar na masu duba taurari, su yi watsi da shi. Wasu kuma hankalinsu ya tashi, su shiga lissafin watan da aka haifi nasu. Dukkansu sun yi garaje. Alƙaluman gaskiya ne, an sha samun su a ƙasashe daban-daban tun shekarun 1980, amma babu wani wata da ke ɗauke da albarkar ƙarfi. Saɓanin watannin nan kansa shi ne ke nuna inda bakin zaren yake.

Kalmomin da ake magana a kansu

Idan masana suka ce ƙwarewar motsi, suna nufin iya sarrafa gaɓoɓi yadda ake so. Kashi biyu ce. Akwai ta manyan gaɓoɓi: zama, rarrafe, tatata, gudu, tsalle, jifa, cafe abu, tsayuwa da ƙafa ɗaya kamar yadda ake yi a langa ko 'yar gala-gala. Akwai kuma ta ƙananan gaɓoɓi, wato aikin yatsu: riƙe alƙalami, saka maɓalli, tsince tsakuwa a wasan carafke. Ƙarfin jiki kuwa ya haɗa juriyar numfashi da zuciya, ƙarfin tsoka, sauri da zafin nama. Ana auna waɗannan da gwaje-gwaje masu sauƙi, kamar nisan tsallen da yaro zai yi daga tsaye, ƙarfin matse wata ƙaramar na'ura da hannu, ko yawan zuwa da dawowar da zai iya a tsakanin layi biyu kafin ya gaji.

Sai kalma ta uku, wadda sharhin nan ya rataya a kanta: ranar iyaka. Kowace makaranta ko hukumar wasanni takan tsayar da wata rana ta ce duk wanda aka haifa daga wannan rana zuwa zagayowarta aji ɗaya ne, ko rukuni ɗaya ne. A makarantun Ingila ranar ita ce 1 ga Satumba. A Japan 2 ga Afrilu. A Sifen, da kuma gasannin matasa na FIFA, 1 ga Janairu. Bambancin da ke fitowa tsakanin wanda aka haifa daf da bayan wannan rana da wanda aka haifa daf da zagayowarta, shi za mu kira tasirin ratar watanni.

Inda maganar ta samo asali

A shekarun 1980 wani masanin halayyar ɗan Adam a Kanada, Roger Barnsley, da matarsa Paula suka lura da wani abu a jerin sunayen 'yan wasan hoki na ƙanƙara, wasan da ake buga ƙaramin faifai da sanda a kan daskararren ruwa. Ranakun haihuwar 'yan wasan sun taru a farkon shekara. Da suka bi diddigi tare da A. H. Thompson, sakamakon da suka fitar a 1985 ya nuna cewa a manyan rukunonin matasa kusan kashi 40 cikin 100 an haife su tsakanin Janairu da Maris, kusan kashi 10 kacal tsakanin Oktoba da Disamba. Ranar iyakar wasan a Kanada kuwa 1 ga Janairu ce. Daga baya littafin Malcolm Gladwell mai suna Outliers, na 2008, ya kai labarin kunnen jama'a, kuma tun daga nan jaridu ba su daina juya shi ba.

Dalili na farko: ratar watanni a aji ɗaya

Hausawa sun ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. A ɗauki yara biyu a ajin share fage a Sifen, ɗaya an haife shi 5 ga Janairu, ɗayan 20 ga Disamba na shekara guda. A takarda sa'o'in juna ne. A jiki kuwa akwai kusan wata goma sha biyu a tsakaninsu, kuma ga yaro ɗan shekara biyar wata goma sha biyu kashi ɗaya ne cikin biyar na dukkan rayuwarsa. A wannan shekaru yaro yakan ƙara tsawo kamar santimita 6 zuwa 7 a shekara, ƙafa ta ƙara tsayi, ƙwaƙwalwa ta ƙara iya daidaita ido da hannu. In malama ta jefa ƙwallo, na Janairu zai miƙa tafukan hannu ya cafe. Na Disamba zai buɗe hannuwa duka biyu ya rungumo iska, ƙwallon ta bugi ƙirjinsa ta faɗi. Lafiyarsa ƙalau. Abin da na Janairu yake yi yau, shi ma zai yi shi nan da wasu watanni.

An gwada wannan kai tsaye. Wani babban nazari a Sifen da ake kira PREFIT, wanda ya auna yara sama da 3,000 'yan shekara 3 zuwa 5, ya samu cewa a cikin aji ɗaya waɗanda aka haifa a farkon shekara sun fi na ƙarshenta a gwaje-gwajen ƙarfin jiki. Ba wanda zai yi mamaki, domin sun girme su.

Hujjar da ta fi gamsarwa kuwa ta fito ne daga Beljiyam. Kafin 1997 ranar iyakar ƙwallon ƙafa ta matasa a can 1 ga Agusta ce, kuma 'yan wasan da ake zaɓa sun fi yawa cikin haihuwar Agusta zuwa Oktoba. A 1997 aka mayar da ranar 1 ga Janairu don a dace da tsarin FIFA. Werner Helsen da abokan aikinsa sun nuna, a binciken da suka wallafa a 2000, cewa cikin ɗan lokaci fifikon ya koma kan haihuwar Janairu zuwa Maris. Rana da wata ba su canja ba, sanyi da zafin Beljiyam suna nan yadda suke. Layin da hukuma ta ja ne kawai ya matsa, sai “baiwa” ta bi shi.

Da a nan abin ya tsaya, da babu damuwa, domin ratar tana raguwa da girma. Wata goma sha ɗaya babban abu ne ga ɗan shekara biyar, ga ɗan shekara ashirin da biyar kuwa ba komai ba ne. Kamar gero ne da aka shuka bayan ruwan farko da wanda aka shuka bayan mako biyu: a watan farko bambancin tsawonsu a bayyane yake, amma in kaka ta yi da wuya a gane wanda ya riga fitowa. Matsalar ita ce manya ba sa jira kaka. Koci, wato mai horar da 'yan wasa, yana ganin yaron da ya fi tsawo da gudu sai ya ɗauke shi. Wanda aka ɗauka zai samu ƙarin atisaye, ya kara da gwanaye, ya sha yabo, zuciyarsa ta ƙarfafa. Wanda aka bari a gefen fili zai fara jin cewa shi ba na wasa ba ne, ya rage fita, jikinsa ya yi sanyi. Bayan shekara biyar bambancin ya zama na gaske, alhali mafarinsa 'yan watanni ne. Wani nazari na Stephen Cobley da abokan aikinsa a 2009, wanda ya tattara bincike 38 a kan wasanni 14, ya samu cewa tasirin ya fi tsanani a tsakanin samari 'yan 15 zuwa 18, a wasannin da suka fi farin jini, kuma a matakin da ake tace 'yan wasa. Ke nan inda aka fi rububi da zaɓe, nan ya fi yin ɓarna.

Dalili na biyu: yanayin da ciki ya tsufa a cikinsa, da wanda jariri ya tarar

Akwai wani ɓangaren da ba shi da alaƙa da makaranta ko koci. A 1993 Janette Benson ta bi jarirai sama da 400 a birnin Denver na Amurka, ta ga waɗanda aka haifa a lokacin sanyi da farkon ɗumi sun riga waɗanda aka haifa a lokacin zafi da kaka fara rarrafe da kusan mako uku. Bayanin mai sauƙi ne. Wanda aka haifa a sanyi yakan kai wata shida zuwa takwas lokacin da gari ya yi ɗumi, kayan jikinsa marasa nauyi, ana ajiye shi a ƙasa yana wutsil-wutsil. Wanda aka haifa a zafi kuwa lokacin rarrafensa yakan faɗo cikin tsananin sanyi, an nannaɗe shi da kaya masu kauri.

A Ingila kuma Gavin Sandercock na Jami'ar Essex da abokan aikinsa sun auna yara 8,550 'yan shekara 10 zuwa 16, suka fitar da sakamako a 2014. Ko bayan sun cire tasirin shekaru, sun ga haihuwar Oktoba da Nuwamba sun ɗan fi ƙarfi da juriya. Suka yi hasashen cewa dalilin bitamin D ne, sinadarin da fata ke samarwa idan rana ta taɓa ta, wanda ke taimaka wa ƙashi da tsoka. A ƙasa irin Ingila, uwar da cikinta ya tsufa a watannin rana ta fi samun sa. Su kansu hasashe suka kira shi, domin ba su auna jinin iyayen ba, kuma haka ya kamata a riƙe shi.

Ga mai karatu a Kano ko Maraɗi, wannan bayani bai zauna daidai ba, tun da rana ba ta yanke mana. Hatta cutar laushin ƙashi da ke lanƙwasa ƙafafun yara, binciken Tom Thacher da abokan aikinsa a Jos, na 1999, ya nuna cewa a yaran da suka duba ƙarancin kalsiyam a abinci ne babban sanadi. Kalsiyam shi ne sinadarin gina ƙashi da ake samu a nono, kindirmo da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu.

Yanayin da ya shafe mu na abinci ne da cuta. A ƙauyen Keneba na Gambiya, inda Hukumar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta daɗe tana tattara bayanan haihuwa da mutuwa, an ga jariran da ake haifa a tsakiyar damina sun fi zuwa da ƙarancin nauyi. Lokaci ne da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, mata masu ciki suna aikin gona, zazzaɓin cizon sauro da gudawa kuma sun yi yawa. A 1997 Sophie Moore da abokan aikinta suka bayyana a mujallar Nature cewa waɗanda aka haifa a wannan lokaci na yunwa sun fi fuskantar mutuwa tun suna matasa. Duk wanda ya san ƙauyukan Sahel ya san irin wannan lokaci, daga Yuni zuwa Satumba. Yaron da aka yaye a tsakiyarsa, ya koma kan kunu tsararo, ga zazzaɓi yana kama shi yana saki, zai iya jinkirin tsayuwa da tafiya. Tamowa da ƙarancin jini suna rage wa yaro kuzari, yaron da ba shi da kuzari kuwa ba ya yawan motsin da zai koya masa motsi. A nan ma watan alama ce kawai ta halin da gida ke ciki. A gidan da abinci bai yanke ba, ana kwana a gidan sauro, yara suna karɓar maganin rigakafin zazzaɓi na damina da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa tun 2012, wannan bambanci ba shi da inda zai kama.

A kula kuma da wani ruɗani. Mukan tuna haihuwa da watan Musulunci, shi ya sa muke da Azumi, Tasalla da Sallau. Amma shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka azumi yana zagaya hunturu, bazara, damina da kaka cikin shekara 33 ko kusa da haka. Azumi biyu da ke da ratar shekara goma sha biyar, yanayin da suka tarar daban ne. Duk binciken da ake ambata ya shafi watannin Miladiyya ne, waɗanda ke tafiya tare da yanayi da kalandar makaranta.

Inda masana suka saɓa

Ba a jayayya kan samuwar tasirin. Ana jayayya ne kan girmansa da daɗewarsa. Wasu na ganin tace yara da wuri yana zubar da gwanaye masu yawa waɗanda ba za a sake ganinsu ba. Wasu kuma sun lura cewa 'yan kaɗan ɗin da suka tsallake tacewar duk da ƙanƙantarsu sukan yi fice daga baya, domin dole ta sa sun koyi dabara a inda ƙarfi ya gaza musu. An ga alamar hakan a hokin Arewacin Amurka. Sai dai wannan ba ya share hawayen ɗimbin da suka bar fili tun suna shekara goma. A wasannin mata tasirin yakan fi sauƙi, a wasannin lanƙwasa jiki da alkafura kuma, inda ƙaramin jiki ke da amfani, yakan ɓace.

Abin da ya fi muhimmanci ga iyaye shi ne duk waɗannan alƙaluma matsakaici ne na dubban yara, ba sa faɗin makomar yaro ɗaya. Bambancin da ke tsakanin lafiyayyun yara ya ninka na watan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara 816 a Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka, ta fitar da sakamako a 2006: lafiyayyen yaro na iya fara zama da kansa tun daga kusan wata 4 har zuwa wata 9, ya fara tafiya shi kaɗai tun daga wata 8 har zuwa kusan wata 18. Kimanin kashi 4 cikin 100 ma ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam. Mako ukun Denver ƙaramin abu ne a cikin wannan faɗi.

Yadda abin yake a ƙasar Hausa

A yawancin makarantun gwamnati na arewacin Najeriya da kudancin Nijar ba a bin ranar iyaka da tsanani. A Najeriya doka ta ce a shiga firamare a shekara shida, amma a aji ɗaya za a tarar da ɗan biyar da ɗan tara a benci guda. Ratar da Turawa ke aunawa da watanni, a nan ta shekaru ce, don haka kuskuren ɗaukar babba a matsayin gwani ya fi sauƙin aukuwa. Ranar wasannin makaranta, in aka jera yara a ce “aji uku, ku fito gudu”, sau da yawa wanda ya lashe kofin shi ne wanda ya girmi kowa.

Ga kuma batun takardar haihuwa. Binciken lafiya da ƙidaya na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista. Inda babu rajista, sai a ƙiyasta, shi ya sa 1 ga Janairu ta cika takardu. Rashin tabbacin ranar haihuwa ya taɓa ƙwallon ƙafa ma. Wani nazari na 2010 a kan gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 ya samu haihuwar farkon shekara sun rinjaya a kowace nahiya in ban da Afirka, inda lamarin ya juye. Najeriya ta ɗauki wannan kofi sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, kuma a gasar 2009 da aka yi a ƙasar FIFA ta shigo da gwajin MRI, na'urar da ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don ƙiyasta shekaru. Yanzu da makarantu masu zaman kansu da cibiyoyin horar da ƙananan 'yan ƙwallo ke ƙaruwa a birane, suna kuma neman takarda, tasirin ratar watanni irin na Turai zai iya bayyana a nan ma.

Illolin da ake gudu da gyaran da ake gwadawa

Babbar illa ita ce laƙabi. Yaron da aka saba kira rago ko mai sanyin jiki tun yana ƙarami yakan yarda, ya janye daga wasa, kuma ɗabi'ar zama wuri ɗaya tana bin mutum har girma. Abin bai tsaya a fili ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2018 ya nuna cewa a jihohin da ranar iyakarsu 1 ga Satumba ce, yaran Agusta, wato ƙananan aji, an fi cewa suna da larurar rashin natsuwa da kusan kashi 30 cikin 100 a kan na Satumba. Ƙuruciya ce ake karantawa a matsayin cuta, kuma wannan abin takaici ne.

Gyaran da ake gwadawa ba su da wuya. Tun 2015 ƙungiyoyin gasar Firimiya ta Ingila suka fara shirya wasannin da ake haɗa yara bisa matakin girman jikinsu maimakon shekarar haihuwa. A New Zealand an daɗe ana raba yara bisa nauyi a wasan zari-ruga. Beljiyam ta kafa ƙungiyoyi na musamman don yaran da girmansu ya yi jinkiri. Malamin firamare ba ya buƙatar na'ura kafin ya yi irin wannan: ya san shekarun ɗalibansa da watanni, ya jera masu gudu bisa tsawo da shekaru, ya gwada yaro da abin da ya iya a zangon da ya wuce.

A gida kuwa abin da ke gina ƙwarewar motsi shi ne motsin kansa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce jaririn da bai fara rarrafe ba ya samu aƙalla minti 30 a rana a kwance rub da ciki, yana farke ana kallonsa, yaro ɗan shekara 1 zuwa 4 kuma ya samu minti 180 na motsi iri-iri. Goyo yana da amfaninsa, amma a riƙa sauke yaro a tabarma. Tura gare, tsallen igiya, ɓuya da ƙwallon tsumma duk sun isa, kuma 'ya mace tana buƙatar su kamar ɗa namiji.

Bakwaini lissafinsa daban ne: har ya kai kusan shekara biyu, ana cire makonnin da ya riga lokacinsa kafin a gwada shi da sa'o'insa. Akwai kuma alamomin da bai kamata a jingina su da watan haihuwa ko a ce “zai yi ne” ba. Yaron da ya wuce wata 9 bai iya zama da kansa ba, ko ya kai wata 18 bai taka ba, ko ya daina yin abin da ya riga ya iya, ko ɓangare ɗaya na jikinsa ya fi ɗayan rauni, ko jikinsa ya cika sanƙarewa ko saki, a kai shi asibiti a duba shi da wuri.